Suleja: Ƙauye ko Unguwar Abuja?

Mu da muke kwana a Suleja muna sammakon aiki Abuja, ƙauyawa ake ce mana a ofis. Dillalan filaye kuwa unguwar Abuja suke kiran garin, don farashi ya hau.

Dukansu sun manta wa ya riga wani. A 1828 Abu Ja, ɗan gidan sarautar Zazzau da jihadi ya kora daga Zariya, ya kafa garin, ana kiransa Abuja. Da gwamnatin Murtala ta zaɓi mazaunin sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauke sunan aka ba shi, namu ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gonakin doya suna nan, fadar sarki ma tana nan, sai dai kuɗin hayar ɗaki yanzu albashin Abuja ke yanka shi.