Tamale da diyyar leburan da ya koma gida

A 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar Yankunan Arewa na Gwalkwas daga Gambaga suka kai ta Tamale. Tun a lokacin garin ya zama mashigar leburori. Shekara guda kafin nan aka fara ɗibar samari daga arewa zuwa ramukan zinariya na kudu, inda Tarkwa da Prestea ke neman majiya ƙarfi. Kwamishina ya aika wa sarki, sarki ya aika wa masu unguwa, a tara samari a kaɗa su Kurmi, a kuma biya sarakuna lada a kan kowane mutum. A takarda aikin sa kai ne, amma wanda sarkinsa ya nuna da yatsa ba shi da bakin cewa a'a.

Ba 'yan ƙasa kaɗai ke bin hanyar ba. Mosawa daga Wagadugu, Zabarmawa daga bakin Kwara, Hausawa daga Sakkwato da Katsina, duk sukan yada zango a Tamale, su bi ta Salaga, su haye Volta a jirgin fito na Yeji, su faɗa Kumasi. Wasu su tsaya gonakin koko, wasu su zarce Obuasi su shiga rami.

Ramin kuwa ya ci mutane. Ƙurar dutse takan cika huhu, tarin fuka ya biyo baya, ga ruftawar ƙasa ga nakiya. Mace-macen leburorin arewa sun kai har aka turo Farfesa William Simpson a 1924 ya binciki yanayin lafiya a garuruwan ma'adinai. Amma wanda ciwo ya kama ba ya jiran likitan kamfani. Yakan ɗaure 'yan komatsansa ya nufi gida, ya fi so ya cika a gaban danginsa. Irin wannan ba ya shiga littafin kamfani, balle a yi zancen haƙƙinsa. Babban zaluncin wancan zamani ke nan: kudu ta ci ƙarfinsu, arewa ta yi jinya.

Sai a 1940 Gwalkwas ta yi dokar diyyar ma'aikata. Bayan ƙasar ta zama Gana, ta sabunta ta a 1963, sannan a 1987 gwamnatin Rawlings ta kawo dokar PNDCL 187. A cikinta, iyalan wanda ya rasu a bakin aiki suna da albashin wata 60, wanda ya nakasa gaba ɗaya kuwa na wata 96. Akwai kuma wani sharaɗi da ya fi shafar ɗan cin rani. Wanda ake biya kashi-kashi saboda rauni, in zai bar yankin da yake aiki ya koma wani wuri da zama, sai ya sanar da uban gidansa, su daidaita: ko a dunƙule masa kuɗin, ko a ci gaba da biya. In ya tafi bai sanar ba, ya yi asarar kuɗin lokacin da ba ya nan. Ga mutumin da bai iya karanta takardar likita ba, ga karaya a ƙafa, ga damina ta kawo jiki, wannan ba ƙaramin shinge ba ne.

Baƙo ya fi shan wuya. Tun 1925 yarjejeniya ta 19 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a biya ɗan ƙasar waje daidai da ɗan gida, ba tare da sharaɗin inda yake zaune ba. Amma a Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fice. Manyan motoci cike da mutane da tabarmi da tukwane suka yi ta ratsa Tamale zuwa Bolga da Paga da Bawku. Wanda aka ba wa mako biyu ba zai tsaya bin fayil a ofishin ƙwadago ba.

A 2013 shugabannin ECOWAS suka amince da yarjejeniyar da za ta bar ma'aikaci ya tsallaka iyaka da haƙƙinsa. Sai dai samarin da ke hawa motar dare a tashar Tamale yanzu, da yawansu ramukan galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, suke nufa, inda babu takardar ɗaukar aiki, babu rajista, babu uban gidan da za a kai ƙara idan rami ya rufta.