Raunin Huda Jijiyar Karotid: Magani da Sakamako

Raunin huda jijiyar karotid shi ne yankewa ko hujewar ɗaya daga cikin manyan jijiyoyi biyu da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa kai, sakamakon shigar wuƙa, harsashi, gilashi ko ɓarɓashin ƙarfe cikin wuya. Yana cikin raunuka mafiya haɗari, domin yana kisa ta hanyoyi uku: zubar jini, toshewar numfashi idan jinin da ya taru ya matse maƙogwaro, da yankewar jini ga ƙwaƙwalwa.

Tsarin jijiyar

Kowane gefen wuya yana da karotid guda, wadda ake jin bugunta a gefen maƙogwaro. A daidai saman maƙogwaron takan rabu biyu: ta ciki tana shayar da ƙwaƙwalwa da ido, ta waje kuma fuska da harshe da fatar kai. Likitoci sun kasa wuya shiyya uku. Ta farko daga ƙasusuwan saman ƙirji zuwa ƙasan maƙogwaro, ta biyu daga nan zuwa kusurwar muƙamuƙi, ta uku kuma zuwa gindin ƙoƙon kai. An fi samun rauni a ta biyu, kuma ita ce mafi sauƙin isa ga likitan fiɗa.

Musabbabai a yankunan masana'antu

A yankunan masana'antu na Kano, wato Bompai, da Sharada, da Challawa mai masana'antun jima, akwai abubuwan da kan iya jawo wannan rauni: faifan injin yankan ƙarfe da ya tarwatse yana tsakar juyawa, tsinin rodi, gefen kwanon rufi, fasasshen gilashi, da wuƙaƙen gyaran fata. Ɓarɓashin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba yana iya barin ɗan rami a fata alhali ya tsaga jijiya a ciki. A wajen masana'anta kuwa akwai sukar wuƙa ta masu ƙwacen waya da faɗan daba, da kuma harbin bindiga.

Alamomi

Alamomin da ke wajabta tiyata nan take sun haɗa da jini mai tsartuwa daidai da bugun zuciya, kumburin wuya mai ƙaruwa a kan ido, faɗuwar awon jini, wahalar numfashi, kumfar iska daga bakin raunin, da shanyewar ɓarin jiki ko ɗaukewar magana. Shanyewar kan bayyana a ɓangaren da ke kishiyar raunin. Wanda ba shi da waɗannan alamomi akan yi masa hoton jijiyoyi da na'urar CT, a duba hanyar abinci da ta numfashi, sannan a kwantar da shi ana lura.

Taimakon farko

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan 'yan mintuna babu jini, don haka rai ya fi rataya a hannun wanda ke kusa da mai raunin. Ana ninke tsumma mai tsabta a danne bakin raunin da ƙarfi, ba a ɗagawa don leƙawa. Ba a naɗe wuya da ɗauri, ba a danne gefe biyu lokaci guda. Idan wuƙa ko ƙarfe na maƙale, ba a zare shi, domin sau da yawa shi ne ya toshe hujin. Ba a zuba toka, garin magani ko man birki, ba a ba shi ruwa ko abinci. A garzaya da shi babban asibiti ko da a adaidaita sahu ne, mutum ɗaya yana riƙe da dannin har a miƙa shi ga likita.

Magani a asibiti

Likitoci kan fara da tabbatar da hanyar numfashi da ƙarin jini. Idan jinin ya ƙi tsayawa, akan zura robar fitsari cikin raunin a hura balan-balan ɗinta ta danne jijiyar daga ciki, dabarar da likitocin Afirka ta Kudu suka yaɗa, musamman a asibitin Groote Schuur na Cape Town. A tiyata akan ɗinke tsagar, ko a yi mata faci, ko a maye gurbin abin da ya lalace da jijiyar da aka ciro daga ƙafa ko bututun roba na musamman. Karotid ta waje ana iya ɗaure ta ba tare da babbar illa ba. Ta ciki kuwa gyara ya fi ɗaurewa, sai idan mai raunin na bakin mutuwa ko jijiyar ba ta gyaruwa. A shiyya ta farko da ta uku, inda ƙashi ke tare hanya, akan bi ta cikin jijiyar cinya a dasa siririn bututu, a inda ake da kayan aikin.

Tarihi da sakamako

A 1552 likitan Faransa Ambroise Paré ya ɗaure karotid ɗin wani soja. Ya rayu, amma ya rasa magana kuma ɓarin jikinsa ya shanye. A 1803 David Fleming, likitan sojan ruwan Ingila, ya yi irin wannan ɗauri cikin nasara. A 1956 Fogelman da Stewart na Amurka suka ba da rahoton mace-mace kashi 6 cikin 100 ga masu raunin wuya da aka yi wa tiyata da wuri, da kashi 35 ga waɗanda aka jinkirta.

Sakamako ya fi dogara ga halin da mutum ya iso asibiti. Wanda ya zo cikin hayyacinsa yakan warke. Wanda ya iso a dogon suma ko jini ya kusa ƙare masa, haɗarin mutuwa da nakasa ya yi yawa. Harsashi ya fi wuƙa ɓarna. Daga baya ana iya samun dashewar murya, karkacewar harshe, ko kumburin bangon jijiya da ke bayyana bayan makonni.

Asibitoci da doka

Manyan wuraren da ake kai irin wannan rauni a Kano su ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, Asibitin Murtala Muhammad a cikin gari, da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase na Nassarawa, mafi kusa da Bompai. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta tilasta ajiye akwatin taimakon farko da sanya kariya ga injuna, dokar diyya ta 2010 kuma ta ɗora wa hukumar NSITF biyan ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Koya wa ma'aikata danne rauni da tanadar motar gaggawa a kowace masana'anta suna cikin matakan rage mace-mace.