Mayafi, Sanda da Gafaka

Uban Diyojinis, masanin falsafar nan na Girka, ɗan canji ne. Sunansa Hikesiyas, mutumin Sinope, birnin da yanzu ake kira Sinop a gaɓar Bahar Aswad cikin Turkiyya, kuma harkar buga kuɗin garin na hannunsa. An zarge shi, shi ko ɗansa, da lalata tsabar kuɗi, aka kori ɗan daga gari. Masu tonon kayan tarihi sun samo tsabar Sinope na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa masu ɗauke da sunan uban, sun kuma samo waɗansu da aka sassara da gangan. Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa talauci ya koya wa Diyojinis raina duniya ba. Cikin kuɗi ya buɗe ido.

Da ya isa Atina sai ya tarar da koyarwar Antistenis, almajirin Sukuratu, mai cewa nagarta kaɗai ta ishi mutum. Diyojinis ya ɗauki maganar da gaske fiye da mai ita. Ya ninka mayafinsa biyu, da rana sutura, da dare shimfiɗa. Ya rataya gafaka ta zuba ɗan abin da zai ci, ya riƙi sanda. Masauki kuwa wata ƙatuwar randar yumɓu ce a gefen kasuwa, irin wadda Girkawa ke adana giya ko hatsi, girmanta ya kusa ƙaramin rumbu. An ce yana da moɗar shan ruwa, har ranar da ya ga wani yaro yana sha da tafin hannu. Ya yar da moɗar, yana jin haushin yaro ya riga shi gane hanya mafi sauƙi.

Kada dai mai karatu ya ɗauka zuhudu ne irin na masu shiga halwa. Diyojinis bai gudu daji ba. A tsakiyar kasuwa yake ci, a nan yake kwana, a nan yake bara, yana zagin masu ba shi. Har abin da kunya ke hana ambato ya yi a idon jama'a, shi ya sa suka laƙaba masa kare. Ni a ganina wannan ne rauninsa: rashin buƙatarsa na buƙatar 'yan kallo. Labarinsa da Iskandari Mai Girma a Korinti ma haka yake. Sarki ya tsaya kansa ya ce ya faɗi abin da yake so, shi kuwa ya nemi sarki ya matsa don ya tare masa hantsi. Amsa ce mai daɗi, amma sai da sarki a tsaye take da armashi.

Yawancin waɗannan labarai daga littafin wani takwaransa suke, Diyojinis Layartiyos, wanda ya rubuta su fiye da shekara 500 bayan rasuwar mutumin a 323 kafin Miladiyya. Labarinsa ya yi yawo har waɗansu marubutan Larabawa suka ɗauki randar suka ba Sukuratu.

Abin da ya wanzu shi ne shigar. Karatis na Tibis, ɗan masu arziki, ya rabar da dukiyarsa ya rataya gafaka. Wata mai suna Hiparkiya ta ƙi manema masu hali ta aure shi, ta yi irin shigarsa. A wurin Karatis ne Zeno ya fara karatu kafin ya kafa makarantarsa a wata rumfar kasuwar Atina wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, inda ya tace koyarwar ya rage rashin kunyar.

Zuwa zamanin Rumawa, mayafi da sanda da gafaka sun zama kayan sana'a. Duk wanda aikin hannu ya gundura sai ya bar gemu, ya sami sanda, ya tsaya bakin titi yana zagin masu kuɗi yana karɓar sadakarsu. Lukiyan na Samosata ya yi musu ba'a a ƙarni na 2 Miladiyya. A shekara ta 362 sarkin Rum da kansa, Yuliyan, ya zauna ya rubuta raddi ga masu wannan shiga, yana kare Diyojinis daga mabiyansa.