Kwalejin Gwamnati ta Apata da abin da ya same ta

'Yan uwa, da yawanmu mazauna Sabo mukan wuce Apata a kan hanyar Abekuta ba tare da sanin tarihin makarantar da ke wurin ba. A 1929 Turawan mulki suka buɗe Kwalejin Gwamnati ta Ibadan, a shekarar da aka buɗe takwararta ta Umuahia. A lokacin, Apata bayan gari ne, kusan daji.

Ta maza ce zalla, kuma ta kwana. An rarraba ɗalibai gida-gida, irin su Grier da Swanston, suna gasa a karatu da wasan kurket. Nan Wole Soyinka ya yi karatu, wanda ya ci kyautar Nobel a 1986. Haka ma Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, marubucin labarin Malam Iliya da yawancinmu muka karanta.

Daga 1979 gwamnatin Bola Ige ta kawo ilimi kyauta a Jihar Oyo. 'Ya'yan talakawa suka samu shiga, kuma wannan alheri ne, amma ɗalibai suka yi wa ajujuwa yawa, tsarin kwana ya raunana. A ganinmu laifin ba na kyautar ba ne, na ƙarancin gine-gine da malamai ne. Yau tsofaffin ɗalibai ke ɗaukar nauyin gyare-gyare da dama a harabar.