Soja a Dandali: Daga Igwar Tanimu Zuwa Kakin Samanja

Mutanen Baure sun san yaƙi, ba a littafi ba. Da masu jihadi suka ci Daura wajen 1805, sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa, daga baya zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, suna zaune ƙarƙashin inuwar Damagaram. Sai 1906 Turawa suka mayar da Malam Musa daga Zango zuwa gadon kakanninsa a Daura. Shekara ɗari ke nan ta hari da ƙaura.

To amma da rubutaccen wasan kwaikwayo ya zo ƙasar Hausa, bai leƙa fagen fama ba. "Wasan Marafa" na Abubakar Tunau da "Jatau Na Kyallu" na Shu'aibu Maƙarfi da "Uwar Gulma" na Mohammed Sada duk harkar gari da zaman aure suka sa a gaba.

Daga ƙetaren iyaka aka fara. André Salifou, haifaffen Zinder, ya fitar da "Tanimoune" a 1973, wasa a kan Sarkin Damagaram Tanimu, mai ƙera igwa, wanda ya rasu a 1884. Da Faransanci ya rubuta shi, saboda haka jikokin waɗanda suka ji ƙarar igwar ba su ne suka karanta ba.

A Nijeriya kuwa, Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ne ya haifi sojan da kowa ya sani. Usman Baba Pategi ya sa kaki da gaske kafin ya zama Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna. Da Hausar bariki, da tsawa, da zare ido, ya mayar da abin tsoro abin dariya. Kada a raina wannan: a zamanin da ganin soja a tasha ke sa direba rawar jiki, samun damar yi wa kaki dariya a cikin ɗaki babban sauƙi ne. Sai dai Samanja a bariki ya tsaya, tsakanin kurata da matan soja da rigimar albashi. Bai kai mu bakin daga mu ga wanda aka harba ba, har ya rasu a Nuwamba 2023.

Wanda ya taɓo tambayar mai nauyi shi ne Ahmed Yerima a "Attahiru", inda Sarkin Musulmi Attahiru da mashawartansa ke auna abin yi gaban Turawan Lugard: a gwabza, a yi sulhu, ko a yi hijira? An ƙare da yaƙi a Burmi a 1903. Shi kuwa da Ingilishi yake, kuma a bakin sarakuna aka sa muhawarar.

Ni wasan da nake marmari shi ne na manomin Baure da aka kwashe wa rumbu don ciyar da dawakin mayaƙa, a tsara shi da Dauranci, ɗaliban sakandare su yi shi ran rabon kyauta. Kayan aikin suna nan cikin littafin M. G. Smith na 1978 a kan tarihin Daura, da bakin tsofaffin garin.