Cutar Minamata: Likitoci, Kamfani da Hukuma a Ƙasar Japan

Zancenmu na yau ya shafi wani ƙaramin gari ne mai suna Minamata, a lardin Kumamoto, a tsibirin Kyushu na kudancin Japan. Garin masunta ne a bakin teku. A shekarar 1908 aka kafa masana'antar takin zamani a can, wadda daga baya ta zama kamfanin Chisso. Kamfanin ya bunƙasa har ya kasance shi ne uban garin: shi ke ba da aiki, shi da ma'aikatansa ke biyan mafi yawan haraji, har ma tsohon manajan masana'antar ya taɓa zama magajin gari. Ina roƙonku ku riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin abin da ya biyo baya.

Tun daga 1932 masana'antar ta shiga yin wani sinadari mai suna asitaldehaid, wanda ake amfani da zaiba wajen haɗa shi. A cikin wannan aiki, wani ɓangare na zaibar kan rikiɗe ya zama wani nau'i da masana ke kira metil, wanda yake shiga jikin mai rai ya zauna. Ruwan dattin masana'antar kuwa cikin teku ake zuba shi. Ƙananan halittun ruwa su sha, kifi ya ci su, mutum ya ci kifi, a kowane mataki gubar tana ƙara taruwa.

Dabbobi ne suka fara ba da labari. A farkon shekarun 1950 aka riƙa ganin kyanwoyi suna tangaɗi, suna juyi kamar masu rawa, wasu su faɗa teku su mutu. Hankaki na faɗowa daga sama. Ranar 21 ga Afrilu, 1956, aka kai wata yarinya 'yar shekara biyar asibitin kamfanin, ba ta iya tafiya sosai, harshenta ya sarƙe, jikinta na jijjiga. Bayan 'yan kwanaki aka kawo ƙanwarta da irin wannan hali. Ranar 1 ga Mayu shugaban asibitin, Dakta Hajime Hosokawa, ya kai rahoto ofishin lafiya cewa wata cuta da ba a san asalinta ba ta ɓulla, tana kama ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Kafin ƙarshen Oktoba an gano marasa lafiya 40, kuma 14 daga cikinsu sun rasu. Da farko an zaci annoba ce mai yaɗuwa, sai aka keɓe marasa lafiya, aka yi wa gidajensu feshi, maƙwabta suka ƙaurace musu. Wannan ƙyama ta daɗe bayan an tabbatar cutar ba ta yaɗuwa.

Likitocin Jami'ar Kumamoto suka kafa ƙungiyar bincike a watan Agusta na wannan shekara. Abin da suka lura da shi mai sauƙi ne: masu cutar iyalan masunta ne, abincinsu kifi da ƙumba daga wannan gaɓa, kyanwoyin da suka haukace kuma ragowar wannan kifi suke ci. A watan Nuwamba suka faɗi cewa guba ce ta wani ƙarfe, ta hanyar kifi take shiga. Amma wane ƙarfe? A nan aka ɓata fiye da shekara biyu, domin dattin masana'antar yana ɗauke da ƙarafa iri-iri, kamfanin kuma bai buɗe ƙofarsa ga masu bincike ba.

Haske ya zo daga fannin lafiyar ma'aikata. A 1940 likitocin Ingila, cikinsu har da Donald Hunter da Dorothy Russell, sun bayyana halin wasu ma'aikata da suka shaƙi irin wannan zaiba a wurin haɗa maganin feshin iri: mutuwar yatsu, tangaɗi, sarƙewar harshe, da ƙuntatar gani har mutum ya zama kamar mai leƙe ta cikin kara. Wani likitan jijiyoyi Bature, Douglas McAlpine, ya ziyarci Minamata a 1958, ya ga alamun sun yi kama. A watan Yuli na 1959 ƙungiyar Kumamoto ta sanar cewa zaiba ce. Wato rahoto a kan ma'aikata 'yan ƙalilan a Ingila shi ya warware matsalar dubban masunta a Japan.

Yanzu bari mu dubi abin da masu iko suka yi da wannan sani. Tun a 1957 hukumar lardin Kumamoto ta nemi izinin hana kamun kifi a gaɓar bisa dokar tsabtar abinci. Ma'aikatar lafiya ta ƙasa ta amsa cewa babu hujjar da ta nuna dukkan kifin gaɓar ne ke da guba, saboda haka dokar ba za ta hau ba. A ganina, cikin dukkan takardun wannan tarihi babu wadda ta fi wannan amsa illa. A Satumba 1958 kamfanin ya karkatar da ruwan dattinsa zuwa bakin kogin Minamata, sai cutar ta ɓulla a sababbin ƙauyuka. Dakta Hosokawa, shi da yake ma'aikacin kamfanin ne, ya riƙa zuba ruwan dattin a abincin kyanwoyi. A Oktoba 1959 kyanwa mai lamba 400 ta kamu. Ya faɗa wa shugabanninsa, suka ɓoye sakamakon, suka tsai da gwajin. A Nuwamba wani kwamiti na ma'aikatar lafiya ya ba da rahoton cewa zaiba ce sanadi, washegari aka rushe shi. A ƙarshen Disamba kamfanin ya ba da abin da ya kira kuɗin jaje, yen 100,000 a shekara ga babba, yen 30,000 ga yaro, bisa sharaɗin ba za a ƙara neman kome ba, ko da an tabbatar nan gaba cewa laifinsa ne.

Aka ɗauka magana ta ƙare, alhali kuwa ana ta haihuwar jarirai masu shanyewar jiki a ƙauyukan nan. A ilmin likitanci na lokacin, mabiyiya tana kare ɗan tayi daga guba. Iyaye mata su suka fara cewa gubar da suka ci ce ta tafi ga 'ya'yansu, wani matashin likita, Masazumi Harada, ya saurare su, ya bi gida-gida yana duba yaran. A 1962 aka amince cewa ana haihuwar yaro da cutar. Akwai al'adar Japanawa ta adana busasshiyar cibiyar jariri a cikin ɗan akwati. Harada da abokan aikinsa suka tattara cibiyoyi, aka auna zaibar da ke ciki, sai ga ta tana hawa da sauka daidai da yawan aikin masana'antar a shekarun haihuwa.

A 1965 cutar ta sake ɓulla a Niigata, a kogin Agano, daga masana'antar kamfanin Showa Denko. Chisso bai daina aikin asitaldehaid ba sai Mayu 1968, gwamnati kuma ba ta furta cewa dattinsa ne sanadi ba sai 26 ga Satumba na wannan shekara, shekara 12 bayan rahoton Hosokawa. Shi Hosokawa ya ba da shaidar kyanwa ta 400 a 1970, yana kwance a gadon asibiti, ya rasu a wannan shekara. Ranar 20 ga Maris, 1973, kotun Kumamoto ta ba marasa lafiya gaskiya, ta soke yarjejeniyar jaje, ta yanke diyyar yen miliyan 16 zuwa 18 ga kowane mutum.

Daga nan gardama ta koma kan wane ne mai cutar. Ƙa'idar da gwamnati ta kafa a 1977 ta bukaci a ga alamu da dama a haɗe, don haka aka kori dubban masu mutuwar yatsu kaɗai. Zuwa Maris 2001 mutum 2,265 aka amince da su a yankin, 1,784 daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. A Oktoba 2004 Kotun Ƙoli ta ce gwamnatin ƙasa da ta lardi su ma suna da alhaki. A 2013 ƙasashen duniya suka sa hannu a Kumamoto kan yarjejeniyar taƙaita amfani da zaiba, wadda aka raɗa wa sunan Minamata, ta fara aiki a 2017. Nijeriya da Nijar suna cikinta, kuma wani sashenta ya shafi masu haƙar zinariya da hannu, waɗanda ke ƙona zaiba don su ware zinariya daga ƙasa.