Alkawarin Janar MacArthur: "Zan Dawo"

'Yan'uwa, yau za mu waiwayi zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, mu ga nauyin kalma guda a bakin shugaba.

A watan Disamba 1941 sojojin Japan suka faɗa wa tsibiran Filifin. Janar Douglas MacArthur na Amurka ne ke riƙe da tsaron ƙasar. Da ƙarfin abokan gaba ya rinjaye shi, sai ya ja mutanensa zuwa yankin Bataan da ɗan tsibirin Corregidor. Abinci ya yi ƙaranci, zazzaɓi ya kama sojoji, gudunmawa kuwa ba ta zo ba.

Shugaba Roosevelt ya umarce shi ya fita, don kada a kama shi. Daren 11 ga Maris 1942 ya shiga ƙaramin jirgin ruwa da matarsa da ɗansa, suka ratsa tekun da jiragen Japan ke sintiri, daga baya jirgin sama ya kai su Ostareliya. A can ne ya ce, "Zan dawo." Hukumomi a Washington sun so ya mai da maganar "za mu dawo", amma ya ƙi. Ya ɗora alkawarin a wuyansa shi kaɗai.

Kada mu manta da waɗanda aka bari. Ran 9 ga Afrilu Bataan ta faɗi. Aka kora fursunoni kimanin 75,000, yawancinsu 'yan Filifin, tafiyar kusan kilomita 100 a ƙasa cikin rana da ƙishirwa. Dubbai suka mutu a hanya. Waɗansu sojoji sun ce janar ya yashe su, ba kuwa za mu ga laifinsu ba. Duk da haka maganar nan ta yi ta yawo a ɓoye, har a jikin kwalin ashana, masu yaƙin sunƙuru a duwatsu suna riƙe da ita.

Ran 20 ga Oktoba 1944, bayan shekara 2 da wata 7, MacArthur ya tako cikin ruwa har gwiwa ya hau gaɓar Leyte. Ya gaya wa jama'a ta rediyo cewa ya dawo, bisa ga alherin Allah Maɗaukaki.

Alkawari kaya ne. Janar ya sauke nasa, amma mu tuna cewa masu jira ne suka sha wahalarsa, da yawa kuma ba su ga ranar ba.